Wa'adin Kotu da Zanen Inna

Ƙamshin gawayi a cikin dutsen guga ne ya tashe ni a ranar, haɗe da warin kafur na zanen da ya daɗe a ƙasan akwati. Ana yayyafi irin na Jos, wanda ba ya jiƙa mutum sai dai ya shiga masa ƙashi. Na leƙo daga ɗaki na ga Inna a durƙushe a kan tabarma, ta shimfiɗa tsohon bargo, tana goge atamfarta mai ruwan ganye, wadda ba ta ɗaurawa sai da salla ko suna. Ranar Jumma'a ce, ta ƙarshe kafin kotu ta tafi dogon hutunta na damina, ana saura shekara guda sojoji su miƙa mulki. A ranar ne wa'adin da mai shari'a ya ba mu a ƙarar Yaya Haruna yake cika.

Ina rubuta wannan babi ne saboda ku, 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Haruna, domin kun tashi kuna jin magana ɗaya a kan kakarku: wai an ce ta zo ta ba da shaida don a ceci ɗanta daga gidan yari, ta ƙi. Wasunku sun ji a bakin iyaye, wasu a bakin maƙwabta. Ni ma haka na sani shekaru masu yawa. Ba zan ce muku ƙarya aka faɗa ba, amma ba a faɗa duka ba, don waɗanda suka faɗa ɗin su ma rabi suka sani.

Gidanmu yana unguwar Congo-Russia, gida mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ɓangare ɗaya namu, ɗayan na 'yan haya, cikinsu har da Mama Ladi, wata Kirista 'yar ƙasar nan mai soya ƙosai a ƙofar gida, wadda ita da Inna suka yi shekaru suna aron turmi da gishiri a tsakaninsu. Mahaifinmu tela ne, iyayensa sun zo tun zamanin haƙar kuza, ya rasu ina aji biyu a kwalejin horar da malamai. Yaya Haruna shi ne ɗan fari, ni ce auta. Ku da kuka tashi iyayenku mata suna rungume ku a gaban jama'a, sai na yi muku bayanin abin da ɗan fari yake nufi a wurin mace irin Inna. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa ko da shi ne mai gaskiya. Ana yaye shi aka miƙa shi ga yayar babanmu, Gwaggo Asabe, da ke aure a Vom, can ya girma a cikin shanu da ƙwaryar nono, sai da ya isa koyon sana'a ya dawo ya shiga garejin gyaran manyan motoci. In Inna ta zuba masa abinci sai ta ce, "Rabi, ga kwanon mutumin nan." Akwai wani mai sayar da kananzir a layinmu mai suna Haruna, shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" take ce masa. Amma ni nake ɗaukar kwanon, na kuma san cewa tsokar da ta fi kowace girma kullum tana kwance a can ƙasan miyarsa, inda ido ba ya gani.

An kama shi ne a kasuwar Farin Gada. Faɗa ya tashi tsakanin 'yan dako da direbobi a kan lodin kwandunan tumatir, aka fasa wa wani kai, 'yan sanda suka zo suka kwashe duk wanda suka tarar a wurin. Shi yana kwance a ƙarƙashin wata mota yana ɗaure mata wani abu, da ƙafa aka jawo shi. Aka kai su gaban majistare sau ɗaya, aka ce a tsare su a gidan yari kafin a gama bincike. Daga nan ba a sake kiran sunansa ba. Sauran da ke da masu tsaya musu suka fita ɗaya bayan ɗaya, shi ya zauna a ɓangaren masu jiran shari'a. A makonsa na farko wani ganduroba ya buge shi da kulki a hannun dama saboda gardama a kan layin ruwa, ƙashin ya karye, ba a ɗora shi ba, ya haɗe a karkace. Lokacin ina makarantar kwana. Kawunmu da ke kai masa abinci ya kwanta zazzaɓi, don haka Inna ce ta ɗauki langa ta je da kanta, sau ɗayan nan tak. Ita ta gan shi da safen da ya fita aiki da hannuwansa biyu lafiya, ita kuma ta gan shi a ciki, hannun ya kumbura an naɗe shi da tsumma. Da ta dawo, Mama Ladi ta ce abu ɗaya kawai Inna ta faɗa, tana wanke langar a bakin famfo:

"Hannun nan ba zai ƙara riƙe sifana ba."

Na gama kwaleji na fara koyarwa a firamare, yana ciki har yanzu. A lokacin ni yarinya ce mai yawan zama shiru a bakin taga. Ina rubuta waƙoƙi a kan duwatsun da ke bayan gari da hazon da ke sauka a kansu da safe, ina kuma ganin duk wanda ya ji gaskiya zai bi ta. Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da Lauya Gyang, saurayi ne da bai daɗe da fara aiki ba, ofishinsa ɗaki ɗaya a saman wani shagon takalma, da keken rubutu da fanka mai ƙara. Ya saurare ni har na gama, ya ce za a iya shigar da ƙara a babbar kotu a kan abu biyu: tsare mutum ba shari'a, da kuma dukan da aka yi masa. Ya shigar. Masu gidan yarin suka amsa a rubuce cewa da karyayyen hannunsa aka kawo musu shi, a wurin faɗa ya samu. Daga nan shari'ar ta tsaya a kan tambaya ɗaya: wa ya gan shi lafiya kafin ya shiga, ya kuma gan shi a karye a ciki?

A nan na fara koyon yadda kotu take lissafin lokaci. A gida, in an ce abu sai bayan salla, to bayan salla ne, ko da mako ko da wata. A kotu rana tana da ƙofa, in ta rufe ta rufe. An ɗage ƙararmu sau da yawa. Wata rana lauyan gwamnati bai zo ba, wata rana ba motar da za ta kawo Yaya, wata rana kuma mu ne ba mu shirya ba, don Lauya Gyang yana ta neman abokan aikin gareji su ba da shaida, su kuma kowa ya ji an ambaci gidan yari sai ya ce ranar ba ya nan. Mai shari'ar dattijo ne mai farin tabarau, ba ya ɗaga murya. A zaman ƙarshe ya duba takardun gabansa, ya yi magana da Turanci a hankali, kamar mai karanta farashin kaya. Ya ce ya gaji da ɗagewa. Ya ce a shigar da takardar rantsuwar shaida kafin a rufe ofishin magatakarda ranar Jumma'ar ƙarshe kafin hutu, in ba haka ba zai kori ƙarar. Makonni uku ke nan. Na tuna ina kallon ruwan da ke gangarowa a gilashin taga, ina jin daɗi, don a ganina shaidarmu tana gida tana tsince shinkafa, kuma makonni uku sun isa a zagaya duniya.

Lauya Gyang ya zo gidanmu da yammacin wata Lahadi. Ya cire takalmi ya zauna a kan kujerar da na fito masa da ita a bakin ƙofar ɗakin Inna, ita tana ciki, labule a sake rabi. Hausarsa irin ta garin nan ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Mama, sannu da gida. Wannan magana ba mai wuya ba ne. Zan rubuta abin da ka gani, za ka zo kotu, mutum ɗaya zai tambaye ka ko gaskiya ne, ka sa hannu. Shi ke nan."

"Me zai tambaye ni?" in ji Inna.

"Sunanka, da sunan yaronka, da abin da ka gani a hannunsa."

Ina jin ƙarar cokalin Mama Ladi a cikin kasko daga waje.

"A gaban mutane?"

"Mutane kaɗan, Mama. Akawu, da mai ba da rantsuwa. In an dawo hutu za ka tsaya gaban oga mai shari'a, lauyan gwamnati ya yi maka tambaya."

"Ɗan nan, ka sha ruwa," in ji ta. "Rabi, kawo masa ƙosai mai zafi. Yaron da kake magana yana da uwa. Tana Vom. Ku je ku ɗauko ta."

Ya dube ni, ni kuma na yi masa bayani a kan hanyar raka shi. Ya tsaya a bakin kwata yana girgiza kai, ya ce a wurinsu uwa ce take fara zuwa ta kwanta a ƙofar ofishin 'yan sanda tana kururuwa. Na ce a wurinmu ma akwai mai yin haka, amma ba wadda ta haifa ba. Ya ce to a kawo ta Vom ɗin ya ji. Ina ganin bai fahimci cewa Gwaggo ba ta taɓa taka gidan yarin ba, ni kuma ban fahimci cewa hakan yana da wani muhimmanci ba. A kaina, uwa uwa ce, kuma wadda ta goya shi ta fi kowa sanin hannunsa.

Sai da Asabar ta zagayo na samu tafiya, saboda makaranta. Na tarar Gwaggo ta bi mijinta wata ruga ta'aziyya, na kwana na dawo ban gan ta ba. Mako guda ya tafi a haka. Da saƙo ya same ta, sai ga ta a ranar Talata da ƙwaryar kindirmo a kai da ƙullin man shanu, tun daga bakin layi ake jin muryarta.

"Ina matar tamu? Kina nan kina kunya, ɗana yana ruɓewa a hannun arnan gandurobobi! To ga ni. Ke 'yar boko, ina alƙalin yake? A kai ni yanzu."

"Gwaggo, ba a ce arna," na ce, ina kallon ƙofar Mama Ladi.

Mama Ladi ta leƙo tana dariya, ita ma Hausarta irin ta lauyan ce, mace da namiji duk ɗaya. "Bar shi ya faɗa, Malama. Wanda ya bugi Haruna ai ɗan'uwanku ne, na ji sunansa."

"To shi ne babban arnen," in ji Gwaggo, ta sauke ƙwaryar.

Washegari na kai ta ofishin lauya. Ta hau matakalar tana haki tana tsine wa wanda ya gina ta. Ta ba shi labarin Yaya tun daga yaye, da ƙyandar da ya yi, da ranar da saniya ta taka shi, ta ce ko yatsa ɗaya nasa bai taɓa karyewa ba. Lauya Gyang ya bar ta ta gama, sannan ya tambaye ta yaushe ta gan shi na ƙarshe. Ta ce da babbar salla, kafin a kama shi. Ya ce ta gan shi a gidan yari? Ta ce a'a, amma an faɗa mata komai.

"Mama, kotu ba ya karɓan an faɗa mini. Sai na gani."

"To rubuta na gani mana! Takardar taka tana da ido ne?"

"Za ka rantse da Alƙur'ani a kai."

Nan Gwaggo ta ja da baya, abin da ban taɓa gani ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce wannan kam ba za ta iya ba. Muka sauko. Da muka kusa gida ta ce da ni, uwar nan taki dutse ce, tun tana amarya haka take.

A cikin mako na ƙarshe na je ganin Yaya. Ana ba mu 'yan mintoci a wani ɗaki mai warin fitsari da sabulun wanki, waya a tsakaninmu. Ya rame, amma yana nan da murmushinsa na gefe ɗaya. Hannun yana rataye a jikinsa kamar aro ya yi. Na faɗa masa inda aka tsaya.

"Kin tambaye ta da kanki?" ya ce.

"Kullum nake tambayarta, Yaya."

"To ki daina. Ke kin taɓa jin ta kira ni? Ranar da ta kawo abincin nan ma, ta tsaya can ta ce wa ganduroba, ga na mutumin nan. Shi ya yi ta tambaya wane mutumin, mu ɗari nawa ne a nan." Ya yi dariya har ya yi tari. "Ku ƙyale tsohuwa, Rabi. In Allah ya yi zan fita, zan fita."

Ban ƙyale ta ba. Ranar Alhamis bayan la'asar na same ta tana tankaɗe, Gwaggo ta tafi gaishe-gaishe a unguwa. Na zauna kusa da ita na yi mata magana irin ta makaranta, mai tsari, da ta ɗaya da ta biyu. Na ce addini bai hana uwa faɗin sunan ɗanta ba. Na ce gobe kafin a tafi masallaci za a rufe, kuma in an kori ƙarar sai an soma daga farko a gaban wani alƙalin, don an ce wannan za a sauya masa gari bayan hutu. Na ce kunya al'ada ce, hannun mutum kuwa hannu ne. Tana ta buga rariya da tafin hannu, garin yana zuba kamar ba da ita nake ba. Da na gama ta ce:

"Uwata ta haifi tara. Na farin ya mutu a gabanta, ba ta yi kuka ba sai da aka watse. Ke kina ganin ba ta ji zafi ba ne?"

"Ban ce haka ba, Inna."

"Kotun, da ƙarfe nawa suke buɗewa?"

"Da safe. Za ki je?"

"Tambaya na yi. Miƙo mini wancan kwanon."

Shi ya sa da na ga tana guga da safen Jumma'ar, na sa rai za ta je. Na fito na durƙusa na gaishe ta, na ce, Inna, shiri kike yi? Ba ta ɗago ba. Ta hura gawayin ta ce kayan sun yi warin akwati ne, tana so su sha iska. Gwaggo da ke shan koko a bakin ƙofa ta yi tsaki ta ce in tashi mu tafi, ita za ta je ta roƙi alƙalin da bakinta, ai shi ma mace ta haife shi. Na yi jira kaɗan ko Inna za ta ce wani abu. Ta juya zanen ta ci gaba da goge ɗaya gefen. Muka fita muka bar ta.

Babbar kotu tana can wajen ofisoshin gwamnati, cikin dogayen itatuwan turare. Lauya Gyang yana tsaye a baranda da takardar da ya riga ya buga, da sunan Inna a sama da wurin dangwala yatsa a ƙasa. Ya dubi bayanmu, ya ga ba kowa. Muka zauna a benci muna kallon ƙofar shiga. Duk tasin da ta tsaya sai Gwaggo ta miƙe ta koma ta zauna. Ta nemi a kai ta wurin mai shari'a, masinja ya ce ba a ganinsa. Lauyan ya shiga ya nemi a ƙara mana lokaci, aka ce an riga an ƙara iya ƙarawa. Ruwa ya sauko sosai, ya ɗauke. Na zauna ina kallon wata tsuntsuwa tana wanka a cikin ramin da ruwa ya taru, ina tunanin yadda zan sa ta a waƙa, don in ban yi wannan tunanin ba sai na yi wancan. Da aka fara kiran salla daga nesa, akawun ya fito ya dube mu, ya ce ku yi haƙuri, ya jawo tagar katako ya sa sakata. Ƙararta ba ta fi ta rufe akwati ba.

Da muka dawo gida Inna tana zaune a inda ta saba, da tsohon zanenta na aiki, tana gyaran alayyafo. Atamfar tana ninke a kan gado. Takalmanta suna jingine a bakin famfo, an wanke su. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta faɗi abin da ke ranta da ƙarfi, yadda duk 'yan haya suka ji, ta ce yau ta yarda akwai matan da haihuwa kawai suka iya. Inna ta ci gaba da gyaran alayyafonta. Ta ce da ni akwai tuwo a rufe. Daga wannan rana maganar ta fita unguwa, kuma ita ce ta iso gare ku.

An kori ƙarar. Bayan hutu Lauya Gyang ya nemi a dawo da ita, sabon mai shari'a ya sa rana mai nisa, ranar ta zo aka ɗage, aka sake ɗagewa. Bai ƙara neman Inna ba, ni ma ban ƙara yi mata maganar ba. Yaya ya ƙara fiye da shekara a ciki. Bai fita ta hanyar ƙararmu ba. Bayan farar hula sun karɓi mulki aka zagaya gidajen yari ana duba waɗanda suka daɗe ba shari'a, aka kira sunansa a cikin wasu, aka ce ya tafi. Ba wanda ya tambayi hannun. Ya koma Farin Gada, ba gareji ba, ya zama dillalin kabeji da karas, yana ƙirga kwanduna da hannun hagu. Ranar da ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya gaishe ta, ta amsa daga ciki kamar jiya ya fita, ta ce Rabi, a ba mutumin nan ruwan wanka. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Amma ya kama haya a wata unguwa da ya yi aure, kuma zuwansa gidan ya zama na salla da Jumma'a. Ni ma na yi aure na bar gari. Ina zuwa ina yi mata duk abin da 'ya take yi, sai dai akwai wani wuri a raina da na rufe mata, kamar tagar akawun nan, kuma ina jin ta sani. Yaya ya riga ta rasuwa da shekara biyu. Ranar da aka fita da shi ba ta yi kuka a gaban kowa ba, matan unguwa suka kalli juna.

Inna ta rasu ina da jikoki. A rana ta uku, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, muna raba kayanta ni da matan gida, aka fito da atamfar nan mai ruwan ganye daga ƙasan akwati, ta koɗe a wurin ninki, tana warin kafur. Mama Ladi tana zaune a gefe, ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai. Ta ce a miƙo mata. Ta shafa zanen ta shinshina, sannan ta ce da sauran su ba mu wuri.

"Malama, Inna ya ce kar in faɗa sai ya mutu. To ya mutu. Ranar nan da kuka tafi kotu da Gwaggo, kuna fita ya ɗaura wannan. Ya ce Ladi, sauke kaskonka ka raka ni. Mun je."

"Kun je ina, Mama? Muna can har aka rufe."

"Kotu mana. Na alƙali, na cikin gari, inda aka raba gadon babanku. Shi ne kotu da ya sani, ni ma shi na sani. Ba wanda ya ce mana akwai wani."

Ta ce sun isa tun ba a buɗe ba. Suka zauna a benci a cikin masu ƙarar aure da masu rigimar fili, Inna tana duban ƙofa tana jiran ta ga ɗan lauyan nan ko ni. Mama Ladi ta ce mata su tambayi wani ma'aikaci, Inna ta ce in ta tambaya za a ce ƙarar wa, kuma ita sau ɗaya ta shirya faɗa, a gaban mai rantsarwa. Ruwa ya dake su a barandar. Da aka tashi don salla aka rufe, suka dawo a ƙafa ta cikin taɓo, Inna ta wanke takalmanta, ta ninke zanen kafin mu iso. Da yamma, da ta ji Gwaggo tana ba 'yan haya labarin itatuwan turare da benen kotu, sai ta gane. Mama Ladi ta ce mata ta faɗa mana, ko lauya zai iya yin wani abu. Inna ta ce an riga an rufe, kuma gara a ce ta ƙi, da a ce ta ɗaura zanen salla ta ratsa gari saboda ɗan fari.

Na tambayi Mama Ladi ko tana ganin da sun zo wurin da muke, Inna za ta iya buɗe baki. Ta ce wannan ba sai ta yi tsammani ba. A kan hanyarsu ta zuwa, daidai wata gada inda ba mutane, Inna ta tsaya ta riƙe mata hannu, ta ce bari ta gwada ta ji ko bakinta zai iya. Ta dubi ruwan da ke wucewa a ƙasa ta ce, "Haruna." Sannan ta gyara mayafinta ta ce su tafi kada su makara.